Fizar Baba Nomau

Ku gyara zama, ku kife wayoyin nan, yau shari'a na kawo muku. In na kai ƙarshe ku ne alƙalai. Wanda kuma ya tashi a tsakiyar magana, zai gane daga baya cewa da irinsa nake.

A wani gari da ake kira Rafin Kanya an yi wata tsohuwa, Gwaggo Tabawa, mace mai baki, wadda in ta ga gaskiya ba ta jiran a ba ta izinin faɗa. Duk 'yan ɗakinsu sun riga mu gidan gaskiya, saura wanta guda ɗaya, Baba Nomau Direba. Shi Baba Nomau a ƙuruciyarsa ya ja tifa a wani kamfanin Turawan Italiya da suka shimfiɗa titin da ya ratsa ƙasarsu. Shekara huɗu ya yi musu aiki. Bai fito da mota ba, bai fito da gida ba, labari ɗaya tak ya fito da shi: ranar da aka gama gadar Rafin Kanya, kukun Turawan, wani jibgegen mutum da leburori suka laƙaba wa suna Jan-Kunne, ya gasa musu wani abinci wai shi fiza, ya ba kowa yanka biyu.

Yanka biyu ne fa, amma Baba Nomau ya shekara arba'in da takwas yana taunarsu. In ya ɗauko labarin bayan la'asar, ba ya dire shi sai ladan ya kira magariba. Mutanen gari da sun ji ya ce, "Wato ranar da muka gama gada," sai ka ga wannan ya tuna akuyarsa ba a ɗaure take ba, wancan ya tuna ana nemansa a tasha. Ita kanta Gwaggo Tabawa ba ta taɓa sauraron labarin ya wuce wurin da aka zuba kankaren ƙarshe ba. Mutum ɗaya ce take zama daga fari har ƙarshe, matarsa Iya Delu, tana ɓarar gyaɗa ko tsinkar zogale, ba ta taɓa cewa ta gaji ba.

'Ya'yansu uku ne, kuma kowannensu da irin tasa dabarar gudu tun yana yaro. Yalwa, 'yar fari, mai kunya ce, ba ta iya tashi da an fara, sai ta daure ta ji farkon labari, sannan ta tuna ta bar wuta. Sallau, na tsakiya, ba ya dawowa gida sai labari ya yi nisa, ya tsuguna ya ji tsakiya, sannan ya ce zai je ya ba dabbobi ruwa. Mantau, autansu, da an fara yake yin barci, ba ya farkawa sai gab da ƙarshe, kuma da ladan ya ce Allahu Akbar ya zari buta. A haka suka girma. Yalwa ta zama mai gurasa, Sallau dillalin shanu a kara, Mantau birkila.

Sai Allah ya karɓi ran Iya Delu. Baba Nomau ya daure har aka yi sadakar arba'in, daga nan ya daina labari, ya kuma daina cin abinci. Gwaggo Tabawa ta tattaro 'yan kayanta ta dawo gidan. Ta yi masa tuwon dawa miyar kuka, ya kau da kai. Ta dama fura, ta yi kunun tsamiya, ta yi farfesun kaza, ba ya wuce cokali biyu sai ya juya fuska bango. Aka kai shi asibiti, likita ya duba ko'ina ya ce babu cuta, amma in aka ƙara mako guda a haka, ba ya jin tsohon zai ƙara tashi. Kullum da safe Gwaggo takan zagaye wuyan hannunsa da yatsunta biyu, kullum kuma sai ta ga yatsun sun ƙara haɗewa. Tsoro ya kama ta ƙwarai, don in ya tafi ba sauran wanda ya san ta tana yarinya.

Ran nan haƙurinta ya ƙare, ta dangwarar da kwanon kunu a gabansa, 'ya'yan na tsaye a bakin ƙofa.

"Yaya, in mutuwa kake so ka faɗa mini in daina ɓarnar itace. In kuwa akwai abin da ranka ke so, ko nonon kura ne, ga 'ya'yanka, su nemo."

Ya juyo da fuska daga bango ya ce, "Fiza."

"Wace ce haka?"

"Irin ta Jan-Kunne. Wanda ya kawo mini ita, na ba shi akushin Delu."

Akushin nan, jama'a, baƙin akushi ne na itace, ya sha ɗinki da waya a gefe ɗaya, in ka tsince shi a hanya ba za ka sunkuya ba. Amma da shi Iya Delu ta zo gidan tana amarya, a cikinsa ta zuba wa mijinta tuwo shekara arba'in da takwas, kuma a cikinsa 'ya'yan uku suka yi ta kokawar ragowar Baba. Duk kayanta an raba, shi kaɗai tsohon ya riƙe. Babu wanda ba ya son sa a cikin 'ya'yan.

Yalwa ta durƙusa ta ce, "Baba, ka ɗan maimaita mana yadda ake yin ta."

Ya ce, "Shekara arba'in da takwas ina faɗa. Wanda bai ji ba, ba yau zai ji ba." Ya ja mayafi ya rufe kai.

Gwaggo ta ga ai abin na sayarwa ne a birni, ta aika direban motar haya ya sayo. Fizar ta iso da yamma cikin kwali, ta huce, ta sandare. Tsohon ya buɗe ido ɗaya ya shinshina, ya ce shi fiza ya ce, bai ce a kawo masa fatar ganga ba. Aka duba a waya kuma, sai ga masu yin ta da murhun lantarki da cuku na cikin leda, abubuwan da Rafin Kanya ba ta da ko ɗaya. Daga nan kowane ɗa ya sulale gidansa. Kowa yana son akushi, kowa kuma yana jin kunyar a san bai taɓa jin labarin ubansa har ƙarshe ba, don haka kowa ya rufe ƙofa ya kama aiki shi kaɗai. Gwaggo kuwa ta ɗauki lemarta tana bin su gida-gida, ko'ina ta je a ce mata, "Gwaggo, don Allah kada ki gaya wa sauran."

Ta fara da gidan Yalwa. Farkon labari yana kan Yalwa tsaf kamar karatun allo. Jan-Kunne fulawa ya zuba, da ruwan sanyi, da gishiri, da ɗan man zaitun, da yis ɗan kaɗan wanda bai fi abin da mai shan taba gari ke ɗiba da yatsa biyu ba. Babu sukari ko ƙwaya. Ya murza kwaɓin har ya daina kama hannu, ya rufe, ya bar shi ya kwana ya wuni a wuri mai sanyi, kuma da ya tashi faɗaɗa shi bai taɓa shi da muciya ko kwalba ba, da yatsu ya bi shi daga tsakiya zuwa baki. Ga mai gurasar da ta saba zuba sukari da yis da hannu sake, wannan azaba ce. Sau biyu hannunta na kai wa ga kwanon sukari tana janye shi. Sannan bazara ce, babu wuri mai sanyi a garin, kwaɓi na farko kafin azahar ya kumbura ya tsallake kwarya ya yi tsami. Ta zauna ta yi tunani, ta sake kwaɓawa, ta sa a roba mai murfi, ta ɗaura igiya ta zura shi cikin rijiya har dab da ruwa. Ta hana duk maƙwabta ɗibar ruwa kwana guda, ta sha zagi, ta kuma bar masu sarin gurasarta suka koma hannu rabbana. Da aka jawo shi washegari, kwaɓi ya fito lumbu-lumbu, mai laushi, mai ƙamshi, Gwaggo ta danna da yatsa ya taso a hankali.

Amma Yalwa iyakar saninta ke nan, don a daidai nan take tuna ta bar wuta. Ta faɗaɗa kwaɓin, ta shafa masa miyar dage-dage, ta yanka awara ta jera. Ta nufi tanderunta, wato ƙatuwar tukunyar ƙasar nan da ake hura wutar kara a cikinta a manna gurasa a jikin bangonta. Sabo turken wawa. Hannun da ya shekara ashirin yana manna gurasa bai tsaya shawara ba, ya ɗauki fiza ya maka ta a bango. Kwaɓi ya manne, miya da awara suka yi sallama suka gangara cikin toka. Sau uku tana yi, sau uku wuta na cin miya.

Gwaggo ta wuce gidan Sallau, aka ce ai kwanansa biyu a ruga. Ta hau mashin ta bi shi. Tsakiyar labari yana kan Sallau. Jan-Kunne tumatir ɗanye ya matse da hannu, bai soya ba, gishiri kawai ya sa da ganyen ɗoɗɗoya. Amma ran abin shi ne cuku, wani irin cuku da in ya ji wuta yake narkewa, in ka ja shi ya biyo ka kamar danƙo. Kuma da madarar Fulani Baturen ya yi shi: ya ɗumama madara, ya zuba ruwan da aka jiƙa tumbin ɗan akuya mai shan nono, madara ta daskare, ya bar ta ta ɗan yi tsami, sannan ya tsoma a ruwan zafi yana ja yana ninkewa da hannu. Sallau ya bi mahauta har ya samo tumbin. Ya je ruga, matan Fulani suka ce su da tumfafiya suke daskarar da madara, kuma tasu ba ta narkewa, in yana son shirme ya yi da hannunsa. Haka Gwaggo ta same shi, babban dillalin da in ya yi tsawa a kara bijimi ke nutsuwa, ya naɗe hannun riga, ya gurfana a tsakiyar mata da ƙwarya a gabansa, suna ta tuntsira dariya suna kiran 'yan'uwansu su zo kallo. Ƙwarya shida ta lalace. Hannuwansa duk sun yi bororo don ruwan zafi. A ta bakwai ya ja curin, curi ya miƙe bai tsinke ba, ya kai tsawon kamu biyu yana sheƙi, matan suka daina dariya.

Amma Sallau bai san a kan me ake ɗora cukun ba, bai kuma san a ina ake gasawa ba, don ba ya nan a farko, ba ya nan a ƙarshe. Ya sayi burodi wurin mai shayi, ya tsaga, ya shafa tumatir, ya jera cuku, ya kai wa abokinsa mai tsire ya ɗora a kan wayar gashi. Burodi ya ƙone ta ƙasa, cuku ya narke ya bi ta ramukan waya ya zuba a garwashi. Hayaƙin da ya tashi ya kori masu sayen tsire, ya tara duk kuliyoyin unguwar.

Ta ƙarasa gidan Mantau. Ƙarshen labari yana kan auta. Jan-Kunne ya gina wani murhu mai kama da tukunya a kife, da ƙofa ƙarama a gaba, daɓensa jan bulo ne. A ciki ake hura wuta da busasshen itace, a bar ta ta ci har baƙin hayaƙin da ya kama rufin ya ƙone rufin ya koma fari. Sai a ture garwashi gefe ɗaya, a share daɓe, a zura fiza da wani abu mai faɗi kamar shebur, a kwantar da ita a kan bulo, kuma ba ta wuce gwargwadon alwala ɗaya a ciki. Jan bulo ba ya samuwa a garin, sai wanda Mantau ya shekara biyu yana tarawa ya fara ginin ɗakin da zai sa amaryarsa. Ya tsaya ya kalli ginin, ya ɗauki guduma ya sauke bangon gabas. Kwana ɗaya ya gina murhun a tsakar gidansa, ya bi shi da 'yar ƙaramar wuta kwana biyu don kada ya tsage. Ya wanke shebur ɗinsa da yashi da toka har yana ɗaukar ido. Ranar da ya hura babbar wuta ya leƙa don ya ga ko rufi ya yi fari, wuta ta gaishe shi. Gwaggo ta same shi babu gira, babu gashin baki, amma rufi ya yi fari fat.

Sai dai Mantau barci yake yi lokacin da ake kwaɓi, barci yake yi lokacin da ake cuku. Ya kwaɓa fulawa yadda ya saba kwaɓa siminti, awo uku na gari, ɗaya na ruwa, babu yis, ya daddale ta da cokalin gini har ta yi sumul, ya zuba man ja da yaji, ya zura. Abin da ya fito, Gwaggo ta ƙwanƙwasa shi da zobe ya amsa. Aka jefa wa akuya, ta shinshina ta wuce. An ce har yau da shi ake rufe randa a gidan.

Gwaggo ta koma gida da la'asar, ƙafafunta sun kumbura. Ta zagaye hannun wanta da yatsu, ta ga har sun hau kan juna. Kwana biyar ke nan cikin bakwai ɗin likita. Ta fito ta zauna a kan turmi tana ta juya abin da ta gani, can sai ta tafa hannu, ta aika a kira mata su ukun.

"Ku zauna a jere. Ke nan, kai nan, auta can. Ke, fara mini labarin ubanku."

Yalwa ta fara, ta zo wurin faɗaɗa kwaɓi ta tsaya ta sunkuyar da kai.

"A nan kike tuna wuta ko? Sallau, ɗora."

Sallau ya ɗora, ya zo wurin jera cuku ya kama sosa ƙeya.

"Je ka ba dabbobi ruwa. Auta, farka."

Mantau ya ɗora har aka fito da fiza daga wuta. Suka dubi juna, kunya ta rufe su. Gwaggo ta ce, "Kun ga ni ba ni da bakin zaginku, ni ko gadar ban taɓa hayewa ba. Amma jibi war haka in babu abin nan a cikin akushi, to akushin zai zama na gado, ba na kyauta ba. Ku tashi."

Ranar ta zo. Tun safe Mantau ya hura wuta. Yalwa ta jawo sabon kwaɓi daga rijiya, Sallau ya taho da cukunsa cikin ƙwarya da ruwan gishiri, hannuwa a naɗe da tsumma. Aka ɗauko Baba Nomau a kan kujera, don fizar Jan-Kunne ba ta jiran tafiya, aka ajiye shi a inuwar darbejiya a gidan auta, idanunsa a rufe. Yalwa ta faɗaɗa kwaɓi da yatsu. Ta tuna Baturen har sama yake jefa shi ya cafe, ta gwada, ya tafi ya sauka a kan lemar Gwaggo, daga nan aka yafe wannan ɓangaren na labari. Ta sake wani, ta barbaɗa tsakin masara a kan shebur ta shimfiɗa shi. Sallau ya shafa tumatir, ya tsittsinka cuku, ya jefa ganyen ɗoɗɗoya. Mantau ya yi bisimilla ya zura. Babu agogo a wurin, don haka Gwaggo ta ɗauki buta ta tsuguna ta fara alwala, su uku suna kallonta kamar ba su taɓa ganin mai alwala ba. Tana wanke ƙafar hagu, Mantau ya jawo shebur.

Bakin fizar ya kumbura, ya yi ɗigo-ɗigon baƙi, cuku na tafasa a tsakiya. Ƙamshi ya bi tsakar gida. Gwaggo tana kallon wanta ta ga hancinsa ya motsa kafin idonsa. Aka yanka da wuƙar Sallau, aka sa a akushin Iya Delu, aka ajiye masa a cinya. Ya ɗaga yanka ɗaya, cuku ya biyo shi, ya ɗaga hannu sama cuku bai tsinke ba, ya kai baki, zaren ya naɗe masa a gemu. Ya tauna a hankali da 'yan haƙoran da suka rage. 

Ya ce, "Gishiri ya yi kaɗan." Sannan ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu.

Don daɗi Gwaggo ta zauna a ƙasa dirshan. Da ta ga ya kama na uku, ta ce bari dai ita ma ta ɗanɗana abin da ya kusa kashe mata ɗan'uwa. Ta gutsura, ta tauna, ta yamutsa fuska.

"Yaya, yanzu duk wannan wahalar a kan gurasar da miya ta zube wa?"

Baba Nomau ya tsaya da tauna. Sai ya fashe da dariya, irin wadda rabon da a ji ta tun Iya Delu na da rai, ya yi ta yi har ta juye ta zama kuka. Suka rasa abin yi. Da ya nutsu ya share ido da bakin riga ya ce, "Abin da Delu ta ce ke nan. Ko kalma ɗaya ba ki canja ba."

Ashe labarin bai ƙare a bakin murhu ba, akwai saura bayan kiran salla, wanda ko auta bai taɓa ji ba. A cikin yanka biyun nan ɗaya kawai Nomau ya ci. Ɗayan ya sa a cikin hularsa, ya hau keke ya yi tafiyar mil tara zuwa gida, ya kai wa amaryarsa Delu, ko wata uku ba ta yi a ɗaki ba. Ta sa a akushin nan, ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta faɗi wannan maganar. Tun daga ranar, duk sanda ya ba da labarin, shi ke kawo shi har bakin ƙofa, ita ke rufe shi da maganarta, su yi dariya su biyu, ya tashi ya tafi masallaci. Da ta rasu, ya rasa mai rufe masa labari, shi ya sa bai ƙara buɗe shi ba. Ranar nan ya ɗauko shi tun daga "Wato ranar da muka gama gada," su huɗu suna zaune, babu wanda ya tuna wuta, babu wanda ya tuna dabbobi, auta kuma bai ko yi hamma ba.

Ya cinye yanka biyar. Washegari ya nemi tuwo da kansa, bayan mako guda ya taka da ƙafarsa zuwa masallaci. Sai ya kira su duka, ya sa aka wanke akushi, ya ɗora shi a hannun ƙanwarsa.

"Tabawa, na yi alkawari, kuma akushi ɗaya ne. Ke kika ga aikin kowa da idonki. Ki miƙa wa wanda ya kawo mini fiza."

Gwaggo mai baki, yau baki ya mutu. Ta dubi Yalwa. Ba don kwaɓinta ba, da cuku da wuta ba su da wurin zama, ita ce ta danne hannunta daga abin da ya saba, ta gano dabarar rijiya, ta ɓata da maƙwabta da masu sari. Ta dubi Sallau. Ba don cukunsa ba, da abin da aka gasa gurasa ce da tumatir, tsohon ko shinshinawa ba zai yi ba, shi ne ya zubar da girmansa a ruga, ga hannuwansa nan har yanzu ba ya iya riƙe igiyar bijimi. Ta dubi Mantau. Ba don murhunsa ba, da kwaɓi da cuku suna nan suna ƙarewa a toka da garwashi, shi ne ya rushe ɗakin aurensa, aka ɗaga bikin sai bayan damina, ga shi nan zaune babu gira.

Kada wani ya ce mini a ba Gwaggo don ita ta haɗa su, ta riga ta rantse alƙali ba ya cin abin da aka kawo gabansa. Kada wani ya ce a yi karɓa-karɓa, Baba Nomau ya ce kyauta ya yi alkawari, ba aro ba. Wanda kuma ya ce a raba uku, to akushin da aka fasa itacen wuta ne. Ga Gwaggo Tabawa can zaune da akushi a cinya, su uku sun zuba mata ido, tsohon kuma ya gyara murya yana shirin ɗauko gada daga farko.

To, ku da kuka zauna har ƙarshe, tsakanin mai kwaɓi da mai cuku da mai wuta, hannun wa ya kamata ta saka akushin Iya Delu?